Ƙaramin Inji a Bashen Khalidu

Khalidu a kan titan ya tsufa. Haka ake kiran dogayen motocin nan masu ɗauko kaya daga bakin teku a Kwatano, su haye gadar Malanville su nufi Yamai. Tun gemunsa bai cika ba yake tuƙa su, har furfura ta fara leƙo masa. Gidansa a Malanville yake, ba nisa da babban titi, saboda haka duk tafiya, yayin da 'yan duwan, wato ma'aikatan kwastan, ke juya takardu, shi yana gida yana cin tuwon matarsa Zulfa.

Shekarar da aka rufe iyaka, motarsa na cikin waɗanda abin ya rutsa da su. Layin motoci ya miƙe tun daga bakin gada har bayan gari, kullum ana cewa gobe za a buɗe. Khalidu ya riƙa wuni wurin motar yana gadin kayan mutane. A nan ne wata waya mai tsatsa ta soke shi a tafin ƙafar hagu. Ya wanke, ya ɗaure da tsumma, ya ci gaba da harkarsa. An taɓa gaya masa yana da ciwon sukari, amma bai ɗauki maganar bakin komai ba. Raunin ya ƙi warkewa, ya yi baƙi, ya fara wari. Da aka kai shi asibiti a Parakou, likita ya duba ya ce ko ƙafa ko rai. Aka yanke ta ƙasa da gwiwa.

Ya dawo gida da sanduna biyu. Mai titan ya aiko masa da gaisuwa da buhun shinkafa, ya kuma aiko wani direba ya juya da motar kudu.

Daga nan sai zama. Zulfa takan shimfiɗa masa tabarma a rumfar tsakar gida kafin ta fita kasuwa, ta dawo ta same shi inda ta bar shi. Abokan tuƙi sun zo dubiya, suka yi ta raguwa har suka ɗauke ƙafa, don su ma kowa ya bazama neman abin yi. Dama Khalidu ba mai yawan magana ba ne, yanzu kuwa ko gaisuwa da ka yake amsawa.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne ganin wahalar Zulfa. Albasa take sayarwa, wadda ƙanenta Kadiri ke nomawa a Garou. Kawo ta kasuwa shi ne aiki. Masu babur mai ƙafa uku duk sun koma bakin gulbi, inda jiragen ruwa ke ƙetarawa da kaya tun da gada ta rufe, don can ake samu. Sai Zulfa ta yi ta binsu tana roƙo, albasa na can gona tana shan rana. Wani lokaci a kan babur ɗin kabu-kabu take dawowa, buhu a gaba buhu a baya, ta sauko tana ɗingishi saboda ciwon ƙugu. Ba ta taɓa yi masa ƙorafi ba, shi kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi.

A kusurwar gidan akwai tsohuwar bashe, motar a-kori-kura da mahaifin Khalidu ya bari. Injinta ya fashe tun da daɗewa, tayoyinta sun kwanta, awaki ne ke shan inuwa a ƙarƙashinta.

Wata Juma'a bayan an sauko masallaci, Latifu ya yi sallama. Makanike ne, kakanninsa daga kudu suka zo kasuwanci suka zauna, garajinsa na bakin gari. Shi ke duba wa Khalidu mota tun da can. Bayan sun gaisa, sai ya tashi ya zagaya bashen, ya durƙusa ya leƙa ƙasanta, ya ƙwanƙwasa nan da can, sannan ya dawo ya zauna yana karkaɗe gwiwa.

"Yaya, wagga bashe da sauran ƙwarinta. Tsatsa ba ta ci ƙashin ba."

"Ɗauka ka saida ma masu sayen ƙarhe," in ji Khalidu.

"Ba saidawa nike nuhi ba. Akwai wata ƙaramar mota da anka jawo min, kamyo, babbar motar kaya, ya buge ta ta baya ta lanƙwashe, amma gabanta lahiya lau. Inji ne mai fisto huɗu, kuma akwatin giyarshi, bwat ɗin, da kanta take canzawa. Babu kuloci. Totur da birki kawai. Ƙahwa guda ta isa."

Khalidu ya daɗe yana kallonsa.

"Ni kake kawo ma motar matan Alhazai, Latifu?"

"Inji dai nike kawo maka."

"Fisto huɗu. Abin da ke tada injin titan ɗina da sahe ya hi wanga ƙarhi. In kana da aiki ka tahi ka yi aikinka."

Latifu bai ja maganar ba. Ya shanye ruwan da aka kawo masa, ya yi sallama ya fita. Zulfa na madafa ta ji komai.

Bayan 'yan kwanaki kasuwa ta yi sanyi, ta dawo gida da wuri. Tana shigowa zaure sai ta hango tabarma babu kowa. Ƙofar bashen a buɗe take, Khalidu na zaune a mazaunin direba. Ya tokare kulocin da sandarsa yana dannawa da hannun hagu, hannun dama na neman giya. Sandar ta zame. Ya mayar da ita, ta sake zamewa, ta faɗi ƙasa inda hannunsa ba ya kaiwa. Ya kifa goshi a kan sitiyari, rigarsa ta jiƙe da gumi.

Zulfa ta ja da baya a hankali, ta fita waje, ta tsaya hira da maƙwabciya har sai da ta tabbatar ya samu saukowa. Sannan ta shigo da sallama da ƙarfi. Washegari, maimakon kasuwa, garajin Latifu ta fara nufa.

Ranar da Latifu ya zo da mutane da igiya za a ja motar, Khalidu ya yunƙura daga tabarma ransa a ɓace.

"Wa ya ba ku izini?"

"Ni ce, Maigida," in ji Zulfa. "Na san motar Baba ce, ka yi haƙuri. Albasata nike so a riƙa kawo min. In kai ba ka son tuƙawa, in an gyara sai a nemi direba."

"Direba. A motar ubana."

"To, mi za ni yi?"

Ya kau da kai. Aka hura tayoyin da za su huru, aka kori awaki, aka ja bashen ta fita tana kuka. Kwana biyu bai yi wa Zulfa magana ba. A na uku ya sa aka kira masa kabu-kabu, ya ce zai je ya ga irin ɓarnar da ake yi wa motar mahaifinsa.

Ya sami Latifu shi kaɗai. Masu koyon aiki a wurinsa sun gudu bakin gulbi dako, tun da manyan motoci suka daina zuwa. An riga an ciro tsohon injin an ajiye gefe, shi da tamfol da babban jak na Khalidu su ne Latifu ya karɓa a madadin sabon. Sabon kuwa yana rataye da sarƙa a reshen dogonyaro, wankakke, bwat ɗinsa a haɗe. Khalidu ya dube shi, ya dubi ramin da za a sa shi, ya girgiza kai.

"Wanga ai sai shi ɓace a ciki."

"Shi ya sa nike son mai riƙe min sarƙa," in ji Latifu. "Hannu biyu gare ni."

Khalidu ya ce shi kallo ya zo. Amma da ya ga Latifu na kokawa da sarƙa da hannu ɗaya yana daidaita inji da ɗayan, sai ya jingina sandunansa, ya zauna a kan wata taya, ya karɓi sarƙar.

Aikin bai zo da sauƙi ba. Ƙafafun injin ba su dace da mazaunin tsohon ba, sai da Latifu ya yanko ƙarfe ya yi musu sabon mazauni da walda, ya gwada, ya karya, ya sake. Sabuwar bwat ta fi tsohuwar tsawo, don haka kardan, dogon ƙarfen da ke kai juyi ga tayoyin baya, sai da aka rage shi. Aka huda ƙasan motar don sandar giya. Wayoyi kuwa dami guda ne, kala-kala, kamar saiwar ciyawa. Su Khalidu ya ɗauka. Ya zauna a tabarma a inuwar dogonyaro yana bin kowace waya daga tushe zuwa ƙarshe, yana ɗaura mata tsumma don ya gane ta. Tun yana zuwa bayan azahar har ya koma rigan Latifu zuwa. Zulfa ta fara aiko musu da abinci garajin. Ta lura kwanon yana dawowa babu saura, abin da ta daɗe ba ta gani ba.

Ranar da aka zo cire kulocin, Latifu ya ɗauki sifana zai shiga, Khalidu ya miƙa hannu.

"Ba ni. Ni za ni cire shi."

Ya kwanta rigingine a ƙasan sitiyari ya daɗe a wurin, fiye da yadda noti biyu ke bukata. Latifu ya tafi sayen goro.

Da aka gama haɗi aka murɗa makulli, injin ya yi tari, ya mutu, ya sake tari, sannan ya kama. Ƙararsa siririya ce, sumul, babu girgiza. Khalidu da ya saba da rugugin da ke motsa hanjin mutum sai da ya karkata kunne.

"Keken ɗinki," ya ce. Amma bai kashe ba.

Shi ya fara fita da ita. Ya sa sandar giya a kan harafin D, ya ɗaga ƙafa daga birki, motar ta silala da kanta. Guntun ƙafarsa na hagu ya yi ta motsi yana neman abin takawa, har ya ji yatsun da babu su suna lanƙwashewa. Ya danne gwiwar da hannu. Da suka ɗan ɗauki gudu sai ya ji wani kaɗawa na tasowa daga ƙarƙashin kujera.

"Kardan ɗinka ya karkace," ya ce wa Latifu da ke gefensa.

"Ni ma na ji."

Suka koma, aka kwance, aka kai wa mai injin gyaran ƙarfe ya miƙar da shi. A fita ta biyu motar ta tafi lafiya. Suka bi ta tashar manyan motoci, inda 'yan tsirarun direbobin da suka rage ke zaune a inuwa. Wani ya gane shi ya miƙe tsaye yana ɗaga hannu, sauran suka biyo da tafi. Khalidu ya danna oda sau ɗaya ya wuce, yana ƙoƙarin haɗe fuska, abin ya gagara.

Kafin ya ba shi makulli, Latifu ya dafa ƙofar motar.

"Yaya, magana guda. Wanga inji ba shi da laihi, amma ƙarami ne. Rabin abin da bashe ke ɗauka da, shi za ka ɗora mata. Lodi kar shi wuce bakin akori. Kuma bwat ɗin ba ta son zahi. In ka matsa mata cikin yashi da nauyi, man da ke cikinta tafasa shike yi."

"Ni za ka koya ma lodi?"

"A'a. Na dai hwaɗa."

Lokacin cirar albasa ne, zafi ya fara tsananta. Ranar zuwa Garou, Khalidu ya tashi da ɗoki irin na ango. Ya yi allurarsa ta sukari, ya kurɓi koko sau biyu ya ture kwanon, ya ce rana na yi. Zulfa ta ƙulle masa dambu a roba ta sa a jaka, ta shiga gaba ta zauna.

A Garou mutane suka kewaye motar. Kowa ya san bashen tun zamanin mahaifinsa, kowa ya ji labarin ƙafar. Kadiri, da yake ƙanen mata ne kuma akwai wasa tsakaninsu, ya ce sai an buɗe masa kapo ya ga abin da ake ta labari. Da aka ɗaga murfin ya leƙa, ya sake leƙawa, ya dafa ƙirji.

"Mijin Yaya, ina sauran injin? Ko kun bar rabi gida?"

Aka yi dariya. Khalidu ma ya yi, amma ba ta kai zuci ba.

Aka fara lodi. Buhuna suka kai bakin akori, Zulfa ta ce ya isa, gobe a dawo a ɗauki saura.

"I, ku bar ta haka," in ji Kadiri yana dariya. "Kar mu karya ma jaririn baya."

"Ku ci gaba," in ji Khalidu.

"Maigida, Latifu ya ce..."

"Latifu makanike ne. Ni ad direba. Ku ci gaba."

Aka ci gaba har buhuna suka wuce rufin motar, bayanta ya zauna. Matar Kadiri ta kawo fura, Khalidu ya ce sai wani zuwa, so yake su isa kafin azahar.

Da farko motar ta yi ƙoƙari. Tana nishi, tana jinkirin canza giya, amma tana tafiya. Sai da suka zo wani kwari inda hanya ta zama yashi zalla, da 'yar hawa a gabansa. Khalidu ya shiga da gudu kamar yadda ya saba. A tsakiya tayoyin baya suka nutse. Ya taka totur, injin ya yi kuka, motar ta matsa taku ɗaya. Ya koma baya, ya sake gaba, ya sake baya. Wani ƙauri ya taso ta ƙasan kujera, kamar an bar mai a wuta. Daga nan injin na ihu amma tayoyi ko motsi. Ya kashe.

Ba kowa a hanyar sai shanu can nesa a gindin wata tsamiya.

Khalidu ya buɗe ƙofa, ya sauke sandunansa. Yana dogarawa suka lume cikin yashi, ya tafi zai faɗi, ya cafki ƙofar. A da, in mota ta kafe, shi ne farkon sauka, shi ke tona yashi, shi ke sa kafaɗa. Ya tsaya riƙe da ƙofa yana kallon tayar da ta nutse, ga ta nan kusa, ba shi da yadda zai yi da ita.

"Koma ka zauna," in ji Zulfa.

Ta ɗaure gyalenta a ƙugu, ta hau bayan motar ta kwance igiya, ta fara turo buhuna ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Mai shanun, wani dattijon Bafillace, ya taho ya kama mata. Wasu manoma biyu a kan kekuna suka tsaya su ma. Ba wanda ya tambayi wa ya yi wannan lodi. Khalidu na zaune yana ganinsu ta madubi, yana jin faɗuwar kowane buhu.

Can sai ya ji gumin jikinsa ya yi sanyi. Hannayensa suka fara rawa a kan sitiyari, ya riƙe da ƙarfi, rawar ta ƙaru. Ya buɗe baki zai kira Zulfa, harshensa ya yi nauyi. Da ta zagayo shan ruwa ta ga fuskarsa, ta ajiye gorar.

"Maigida. Dube ni. Mi ka ci yau?"

Ya faɗi wani abu da ba ta gane ba. Likita ya taɓa yi mata bayanin irin wannan, tun daga lokacin ba ta rabuwa da ƙullin sukari a bakin zanenta. Ta kwance, ta zuba a murfin gora, ta dama da yatsa, ta tallafo kansa ta ba shi. Ta sake damawa ta ba shi. Ta tsaya tana yi masa fifita da gyale, bakinta na motsi da addu'a. A hankali idanunsa suka dawo. Ta buɗe dambun ta riƙa ba shi a baki, bai hana ta ba.

"Na ɓata miki albasa," ya ce da ya samu magana.

"Albasa na nan, ba ta tahi ko'ina ba. Ci."

Suka jira har ƙaurin ya lafa, ƙarfen ya huce. Manoman suka tone yashin gaban tayoyi suka shimfiɗa rassa. Dattijon ya ce shi nan zai wuni da shanunsa, zai kula da buhunan da aka sauke har Kadiri ya zo, don Zulfa ta riga ta kira shi a waya. Saura a gwada ko motar za ta tashi.

Khalidu ya murɗa makulli, injin ya kama. Ya ɗaga kai ya dubi hanya, sai ya ga hanya biyu. Ya rufe ido ya buɗe, har yanzu biyu. Ya dubi hannayensa, ba su daina rawa ba. A shekarunsa na tuƙi ya ga abin da ke samun wanda ya ce zai iya alhali ba zai iya ba. Ya tambayi manoman ko akwai mai tuƙi a cikinsu, suka ce su ko babur ba su iya ba.

"Gwada min," in ji Zulfa.

Ya juyo ya dube ta.

"Kai ka ce motar mata ce. To, ga mace. Zama a nan cikin rana ba shi yi maka, kuma likita nike so shi gan ka yau."

Khalidu ya sake duban hanyar. Sannan ya ja jikinsa ya matsa kujerar gefe. Zulfa ta zagayo, ta cire takalmanta ta ajiye, ta zauna. Ta kama sitiyari kamar mai riƙe da tukunyar zafi.

"Ƙahwar dama kawai," ya ce. "Ta hagu ki manta da ita. Wanga na hagu birki ne, taka shi. Ja sandar zuwa nan. Yauwa. Yanzu ɗaga ƙahwa sannu, ki taɓa na dama kamar kina taka ƙwai."

Manoman suka sa kafaɗa. Motar ta yi jim kamar tana shawara, sannan ta kama, ta haye rassan, ta fita daga yashin ta hau tudu. Zulfa ta saki ƙara ƙarama ta taka birki, duk suka yi gaba.

"Ba komai," in ji Khalidu. "Sake. Kar ki dubi kapo, dubi can nesa inda kike son zuwa."

Haka suka taho, gudunsu bai fi na keke ba. Hannunsa ɗaya na kan birkin hannu, ɗayan na gyara mata sitiyari in ta nufi gona. Jaki ya tsaya a hanya, ta tsaya ta jira shi har ya ga dama. Masu babura na wuce su suna waiwaye. Tun tana riƙe numfashi har kafaɗunta suka sauka. Wajen rabin hanya ya lura ya daina taɓa sitiyarin.

"Wa ya koya miki kauce ma rami?"

"Shekara nawa nike bisa kabu-kabu? Duk ramin hanyar ga ƙuguna ya san shi."

Dariya ta kuɓuce masa, irin wadda ya manta yana da ita.

Garajin Latifu na bakin gari kafin a hau kwalta, nan suka tsaya. Latifu ya fito daga ƙarƙashin wata mota, ya ga wanda ke mazaunin direba, ya dubi Khalidu, ya dubi rabin lodin da ke baya. Ya buɗe kapo, ya zaro ma'aunin man bwat, ya shinshina. Man da ya zuba ja ne, yanzu ya koma baƙi.

"Na wuce bakin akori," in ji Khalidu. "Da yawa."

"Ta kawo ku gida dai. Za ni canza man, mu gani. Kuma laihina na ciki, Yaya. Ya kamata tun hwarko in sa mata ƙaramin lagireto na sanyaya man, tunda na san hanyar Garou." Ya juya ga Zulfa. "Hajiya, sannu da hanya."

"Kira muna kabu-kabu, Latifu," ta ce tana neman takalmanta. "Asibiti za mu."

Bwat ɗin ta tsira, ko da yake tun daga ranar takan ɗan yi jinkiri kafin ta shiga giyar baya. Latifu ya sa mata lagireton. Aka je aka gyara takardun motar don su dace da sabon inji, saboda jandarma. Khalidu ya koma yin sawu biyu a maimakon ɗaya, yana fita da sanyin safiya bayan ya ci ya ƙoshi. Kadiri bai sake yi wa injin ba'a ba, har sai da Khalidu da kansa ya tsokane shi, sannan wasan ya dawo. Ban da albasar Zulfa, masu shinkafa suka fara nemansa, da masu kifi, da masu kai mara lafiya gari.

Zulfa kuwa ba ta bar abin a nan ba. Ta shiga makarantar koyon tuƙi, ta faɗi jarrabawa sau ɗaya, ta ci a na biyu. Matan kasuwa suka yi ta magana, wasu da yabo wasu da taɓe baki, har suka gaji. Ranar da Khalidu ya tashi jikinsa ba daɗi, ita ke tuƙawa yana gefe yana gyara mata abin da ba ya bukatar gyara.

Bayan damina, wata safiya Khalidu ya biya garaji a duba masa birki, ya sami baƙo zaune a kan benci. Wani mai sayar da hatsi ne daga Guéné, sunansa Oumarou, shan inna ya shanye masa ƙafar dama tun yana yaro. Ya ji labarin bashen, ya zo ya tambaya ko shi ma akwai dabara.

"Tashi ta dama ce ba ta aiki," in ji Latifu. "Sai an maido totur hagu. Ban taɓa yi ba."

Khalidu ya sauko, ya gaisa da baƙon, ya ce ya shiga ya zauna a mazaunin direba. Ya duba inda ƙafar mutumin ke kaiwa, ya auna da tafin hannu.

"Akwai wuri," ya ce. "Sanda za ka ƙera ta bi ta bayan birki."

"Ta bayan birki sai ta riƙa gogar shi."

"In ka lanƙwasa ta ba ta gogar komai. Kawo alli in zana maka."

Latifu ya tafi neman alli yana gunaguni. Oumarou na zaune riƙe da sitiyari da hannu biyu, yana kallon titi ta gilashi. Khalidu ya bar shi ya zauna iya son ransa.